Ƙunshin Baƙar Leda a Ƙarƙashin Kujerar Baffa

In dai mantuwa ce ni sarkinta ne, lambar wayata ma sai na duba kafin in ba mutum. Amma Asabar ɗin da na kwanta rub da ciki a kan kwalta a hanyar Barunde, ita kam ko da sabulu aka wanke mini ƙwaƙwalwa ba zan taɓa mantawa da ita ba. Kuma kafin mu yi nisa bari in wanke kaina: ni ban nemi aikin nan ba. Ina zaman zamana aka jawo ni. Innata ce ta jefa ni ciki da bakinta, ta koma gefe tana murmushi.

A lokacin muna unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe ni da ita, ni ne auta. Makaranta na yi, kada wani ya ce ban yi ba, sai dai mun rabu da ita a aji biyar na sakandare ba tare da faɗa ba (ita ba ta neme ni ba, ni ma ban neme ta ba). Aikina shi ne zama a rumfar cajin waya ta wani abokina a bakin titi, in tura wa mutane waƙoƙi a memori, in canza sikirin idan Allah ya sa ban ƙarasa fasa shi ba. 'Yan unguwa suna kirana Injiniya. Kowa ya san tsokana ce, ban da Inna. Ita a wurinta digiri ne aka ba ni.

Sai kuma Baffa Buba, ƙanin mahaifina, wanda yake riƙe da mu tun rasuwar Baba. Dillalin shanu ne, gidansa a unguwar Malam Inna. Abu biyu ne tsakanina da shi. Na ɗaya, akwai wani ɗan shago a jikin gidansa, a rufe, ba kowa sai gizo-gizo, na shekara biyu ina haɗiyar yawu a kansa don in buɗe wurin gyaran waya. Na biyu, ya riga ya yanke hukunci cewa bayan Sallah zan fara bin tirelar shanunsa zuwa Kudu. Wato in hau can sama kan katako kwana biyu, rana da ruwa, duk saniyar da ta faɗi in dira in tashe ta. Ni da ko akuya ce ta harare ni sai na canza hanya!

Wanda ya zauna a Gombe shekarun nan ya san yadda gari yake. Shinge a kowace hanya, buhunan yashi, durom-durom, a buɗe but, a ɗaga riga. Masallacin Juma'a ma sai an laluba ka. Leda in aka yar a bakin kasuwa, sai ka ga mutane suna zagaye ta kamar kashin kare. Kuma akwai doka guda da kowa ya haddace: kusa da shinge ba a ɗaga waya. To Baffa kuwa waya ba ta barin kunnensa, dillali ne, da ita yake ci. Wata rana ya manta, ya shiga shinge yana cinikin bijimi, yana "Albarka! Albarka!" da ƙarfi. Suka sauke shi da babbar rigarsa, suka zaunar da shi a ƙasa a bakin hanya har rana ta gasa shi. Da labari ya kai wa wani amininsa, sai ya taho masa da tsaraba daga Kano: na'urar nan ta hansfiri, wadda ake haɗa wa mota, ka yi magana hannunka biyu a kan sitiyari, muryar mai kira ta fito ta sifikun rediyo.

Ranar da Inna ta ja ni muka je gaisuwa, kwalin yana kan tabarma. Baffa ya ce gobe zai kai wa mai riwaya, mai gyaran wayoyin wutar mota.

"Mai riwaya kuma, Alhaji?" in ji Inna. "Ga injiniya a gida?"

Baffa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi dariya har da tari. "Wannan? Wannan da ya gyara mini tocila ta koma ba ta mutuwa sai an cire batir?"

"Ai ka ga ta kama kenan." (Inna da Baffa abokan wasa ne, ƙanin miji, ba ta raga masa.) "Ka ba shi. In ya haɗa ta yi aiki, ka ba shi makullin shagon nan. In ta ƙi, ni da kaina zan ɗaure masa kayan tafiya Kudu."

Ina ta yi mata alama da ido, ina taka mata ƙafa, ko a jikinta. Baffa ya ce ya yarda. Ya kira matarsa Goggo Dija ta zama shaida. Goggo malamar firamare ce, mace mai magana ɗaya, kuma tana da nata ciwon game da motar nan: ta shekara tana roƙon ya bar ta ta koyi tuƙi ta huta da jiran keke, shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum, "Motata ce, da gumina na saya, ba mai taɓa mini sitiyari." Ta ce ta shaida. Shi ke nan, aka ɗaura mini aure da kwali ban shirya ba.

Asabar da sassafe na iso da kayan aikina: sukundireba ɗaya, filaya ta aro, baƙin tef, da tsofaffin wayoyin caja da na kwaso daga rumfa. Na buɗe kwali. Ga wani ɗan akwati baƙi kamar sabulun wanka, shi ne ƙwaƙwalwar abin. Ga makirfo ɗan mitsitsi, ga mariƙin waya da ake mannawa a dashbod, ga kuma wani dami na wayoyi, ja, rawaya, baƙi, shuɗi, kamar taliyar da ta yi faɗa. Takardar bayani rabi Turanci rabi rubutun Sin. Ni Turancina na gaisuwa ne, saboda haka na bi hotuna.

Abu na farko, a ciro rediyo. Hoto ya nuna wasu ƙarafa biyu na musamman da ake zurawa gefe da gefe. Babu su a kwali. Na leƙa kicin na aro wuƙaƙen Goggo guda biyu (aro na ce, duk da dai ba ta sani ba), na zura, na murɗa, na yi bismilla na ja. Rediyo ta fito. Wani ɗan ƙarfe ma ya fito tare da ita, wanda har yau ban san aikinsa ba, na sa shi a aljihu.

Baƙar waya ba ta ba ni wahala ba, kowa ya san ta ƙasa ce, na ɗaure ta a jikin wata ƙusa. Rigimar tana wurin ja da rawaya. Ɗaya za ta je inda wuta take kullum, ɗaya kuma inda wuta ke zuwa sai an murɗa makulli. Wace ce wace? Hoto bai da kala. Na yi 'yar canke, na haɗa. Sai ji na yi ɗas! wani ƙauri ya tashi. Fiyus ya tafi. Na ciro shi, na zare silin waya ɗaya daga tsohuwar caja na naɗa masa, na mayar. Na sake haɗawa a wani wurin. Wannan karon hon ne ya ɗauka, ɓaaaa, ba tsayawa, har kajin maƙwabta suka watse. Baffa ya leƙo ta taga da asuwaki a baki.

"Lafiya?"

"Gwaji nake yi, Baffa. Hon ɗinka lafiya lau yake."

A karo na uku Allah ya dube ni. Wata 'yar jar fitila a jikin akwatin ta fara ƙiftawa, ƙif, ƙif, ƙif. Na kashe mota, ba ta daina ba. Na zare makulli gaba ɗaya, tana nan tana ƙiftawa. Na ce ba komai, alamar lafiya ce, zuciya ma ai ba ta tsayawa don mutum ya yi barci.

Matsala ta ƙarshe, ina zan sa akwatin? Hoto ya ce a cusa shi bayan rediyo. Na cusa, na danna, na roƙe shi, ya ƙi shiga. Sai dabara ta zo mini. Na ƙara wa wayoyin tsawo da guntayen caja, kowane haɗi na naɗe shi da baƙin tef, na bi da su ta gefen giya zuwa ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. Don kada ƙura ta shiga, na samo baƙar leda na ƙunshe akwatin, na naɗe da tef, na ɗaure da roba a jikin ƙarfen kujera. Waya ɗaya na jawo ta sama zuwa mariƙin da ke dashbod, na maƙala wayar Baffa. Makirfo na soke shi a jikin abin tare rana.

Na ja baya na dubi aikina kamar mai kallon amarya. Daidai nan Goggo Dija ta fito neman wuƙaƙenta. Ta leƙa, ta sunkuya, ta daɗe tana kallon ƙarƙashin kujera.

"Auta," ta ce, "wannan ƙunshin naka bai yi mini kama da abin arziki ba."

"Goggo, fasaha ce. Ku malaman firamare ba a koya muku wannan ba."

Ta karɓi wuƙaƙenta, ta ce, "To Allah ya sa a dawo lafiya." Ni dai da ina da hankali ko na sisin kwabo, da a nan na tsaya na sake kallon abin da idon mutanen gari. Baƙar leda. Tef. Wayoyi. Jar fitila tana ƙiftawa. Wayar salula a ɗaya ƙarshen. A Gombe. A shekarun nan. Amma ina! Ni shago nake gani.

Saura shiri ɗaya. Na saita na'urar ta ɗauki kira da kanta bayan ƙara biyu, na murɗe sauti har ƙarshe, sannan na koma bayan gida na kira Inna. Na ce, "Inna, ƙarfe sha ɗaya daidai ki kira lambar Baffa. Ki yabe ni sosai, kada ki ji kunya, ki tuna masa maganar makulli." Ta ce in bar mata.

Baffa yana da wanda zai gani a Barunde, ya ce in shigo mu gwada a hanya. Ko titi ba mu hau ba wani abokin cinikinsa ya kira. Ƙara biyu, ƙit, sai ga muryar mutum ta cika mota tar, kamar yana zaune a baya. Baffa ya firgita ya waiga. Sannan ya gyara zama, ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar gwamna, ya yi cinikin karsana tun daga farko har "Allah ya sa albarka" bai taɓa waya ba. Da aka kashe ya ce, "Hmm."

Wanda ya san Baffa ya san "hmm" ɗinsa lambar yabo ce. Nan fa kaina ya kumbura.

"Baffa, ka ji sauti? Ni kaɗai fa, ba wanda ya riƙe mini ko tocila. Mai riwaya sai ya kwana biyu a kan wannan. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce aikin ɗanka ne. Ka faɗi sunana da kyau, ka kwatanta musu shagon. Ni ba na ɓoye aikina, Baffa, ko a gaban waye zan buga ƙirji in ce ni na yi."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Muka iso shinge. Layi ya ɗan yi tsawo, motoci, keke, masu tallar ruwa suna bi. Da aka zo kanmu, wani soja matashi, da ƙyar in ya girme ni, ya ce a buɗe but. Aka buɗe, ba komai sai igiyoyin shanu. Ya zagayo gefena ya ce in sauko. Na sauko ina murmushi, har ina shirin ce masa sannu da aiki. Ya leƙa ciki, idonsa ya bi wayar da ta sauko daga dashbod, ya bi ta gefen giya, ya sunkuya.

Ban taɓa ganin mutum ya yi tsalle da baya irin wannan ba. Ya ƙwalla ihu, ya ɗana bindiga, sai kawai na ji ana "Ku kwanta! Ku kwanta!" ta ko'ina. Wani a layi ya ce "Bam!" Shi ke nan. Mutane suka bar motoci a buɗe suka ruga, takalma a warwatse, wata mata ta finciki 'yarta daga keke ta faɗa kwalbati da ita. Wannan ɓangaren ba na dariya in na tuna shi. Mutanen nan sun ga abin da suka gani a garin nan, wasu sun binne nasu. Ba wanda ya yi wauta a wurin sai mutum ɗaya, kuma yana kwance a kan kwalta da jar rigar ƙwallo.

Ni da Baffa muna kwance kusa da juna, hannu a ƙeya, kwalta kamar kaskon suya. Sai ga babbansu ya taho a hankali, wani Sajan mai furfura a gefen kai, Hausarsa irin ta mutanen kudancin jiha. Ya tsaya nesa kaɗan.

"Motar waye?"

Baffa, da murya irin wadda ban taɓa jin sa da ita ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ta iyalina ce. Ta matata ce. Ni tuƙawa kawai nake yi."

"Wa ya sa abin da ke ƙarƙashin kujera?"

Na ji takun takalmi ya matso, na ga inuwar bakin bindiga a kan kwalta daidai kunnena.

"Kai, mai jar riga. Me ka sani?"

To jama'a, ga inda ake zuwa. Amsa mai sauƙi ce: na'urar waya ce, ni na haɗa, bari in nuna muku. Kalma nawa ce? Amma bakin nan nawa, wanda bai taɓa rasa magana ba tun da aka yaye ni, sai ya buɗe da kansa ya ce:

"Oga, ni ban san dattijon nan ba. Rage mini hanya ya yi."

(Abu ɗaya da nake gode wa Allah, ban rantse ba. Saura ƙiris.)

Baffa ya juyo da kansa a kan kwalta, kumatunsa duk tsakuwa, hula ta faɗi, ya dube ni. Mutumin da ya yi mini suna, ya biya mini makarantar da na gudu, ya yi mini kayan Sallah shekara goma sha. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na ce a ƙara mini zurfi.

Kuma daidai nan ƙarfe sha ɗaya ta cika.

Wayar Baffa ta ɗauki ƙara, ba a cikin aljihu ba, ta sifiku huɗu, sauti a ƙarshe, ƙofofi a buɗe. A lokacin kuwa kowa ya san maganar da ake yi, wai da kiran waya ake tayar da irin abin nan. Sojoji suka dira bayan buhunan yashi. Sajan ya zube ƙasa. Baffa ya fara kalmar shahada da ƙarfi. Ni ma na kama, har ina rigansa. Ku duba fa, ni na ƙunshe ledar nan da hannuna, na san ba komai ciki sai ɗan akwatin roba, amma na rufe ido ina jiran tashin duniya.

Ƙara ɗaya. Ƙara biyu. Ƙit.

"Salamu alaikum! Alhaji Buba! Kana ji na, ko in ɗaga murya?"

Muryar Inna ce ta cika titi kamar wa'azin kasuwa. Ba wanda ya motsa.

"Alhaji? Ka yi shiru, kunya ta kama ka ko? Ai na gaya maka! Auta ya ce in kira sha ɗaya daidai in yabe shi, to ga shi na kira. Shi kaɗai ya haɗa abin nan da hannunsa, tun asuba ya fita ko kunu bai sha ba. Sai ka fito da makullin shago. Auta! Kana kusa da Baffanka? Ka yi magana mana in ji ka a cikin rediyo!"

Na ga Sajan ya ɗago kai. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe gwiwa, ya matsa kusa da ƙofar mota kamar mai zuwa kama kaza.

"Mama, ina kwana. Wa ke magana?"

"Kai kuma wane ne a motar Alhaji?"

"Soja ne, Mama, a shinge."

"Ayya, sannu ɗana, sannunku da rana, Allah ya tsare ku ya mayar da ku gida lafiya. Ka ga aikin autana ko? Injiniya ne."

"Na gani, Mama. Yaya kamanninsa yake?"

"Siriri ne baƙi, da jar riga ta 'yan ƙwallo. Kunnuwansa manya, ba za ka ɓata ba. Ɗan wan Alhajin ne ai, shi ya riƙe shi."

Wani soja a bayan buhu ya fashe da dariya, ya kasa tsayawa. Sajan ya yi wa Inna sallama da ladabi, ya juyo.

"Kai da aka rage wa hanya. Tashi."

Ya sa kowa ya ja baya, ya ce in ciro abin da hannuna in buɗe a tsakiyar titi. Na kwance roba, na warware tef. Da ɗan akwatin ya fito fili, da tambarinsa da komai, sai na ji numfashina ya dawo. Bakina ma ya dawo, wanda dama shi ba ya nisa. Na nuna masa makirfo, na nuna ta ƙasa, na nuna ja da rawaya, har na bayyana masa dalilin da ya sa fitila ba ta mutuwa kamar da gangan na yi. Ya ce a sake gwadawa. Ya karanto lambar Baffa ya kira da tasa wayar, ya ji muryarsa ta fito ta sifika, ya ce "Halo, halo" sau uku kamar yaro ya samu balan-balan.

Sannan ya ɗaure fuska. Ya nuna sojan nan matashi, wanda har lokacin gumi ke zuba masa.

"Ka ga wannan? Da yatsansa ya motsa kaɗan, da yanzu wani labarin ake yi, kuma shi zai kwana da abin har ya mutu. Ka ga matar can da ta fito daga kwalbati? Je ka ba ta haƙuri. Ka dawo ka yi mini tsallen kwaɗo ashirin, goma na leda, goma na Baffanka da ka ce ba ka sani ba."

Na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta zage ni tas, kuma ta yi daidai. Na dawo na kama kunnuwan nan da Inna ta yi wa talla, na yi tsallena ashirin a gaban duk wanda ya dawo neman takalminsa.

Ina haki ina shirin shiga mota, Sajan ya kira ni gefe, ya rage murya.

"Madam tana Kaltungo, kullum sai ta kira ina tuƙi, in ban ɗauka ba rigima. In na samo irin wannan za ka haɗa mini?"

Na ce, "Oga, ko yau."

"Ba leda."

"Ba leda, Oga." Muka yi musayar lamba.

Kafin mu bar wurin mutum biyu daga cikin waɗanda suka gudu sun karɓi lambata. Ɗaya ma ƙafarsa ɗaya ba takalmi yake rubutawa.

Abin da na koya a ranar, wanda ba a koyar da shi a aji biyar ɗin da na tsaya: aiki ba ya ƙarewa don ya kama, sai ka tsaya ka dube shi da idon wanda bai san ka ba. Na biyu kuma, kada ka buga ƙirji da yawa da safe, ba ka san a kan me za ka kwantar da shi kafin azahar ba.

Baffa bai je Barunde ba. Muka juyo gida, jar fitila tana ta ƙiftawa a cinyata. Bayan la'asar aka zauna a tsakar gida, Inna ta iso da guɗarta a baki, Goggo Dija tana tankaɗe a gefe. Baffa ya kwashe labari ya faɗa, tun daga ihun soja har tsallen kwaɗo. Wuri ɗaya kawai ya tsallake.

"Saboda haka ba shago," ya ce. "Kudu zai tafi."

"A'a Alhaji," in ji Inna. "Sharaɗi shi ne ta yi aiki. Ta yi ko ba ta yi ba? Ni da kaina na yi hira da soja a ciki."

"Ta yi aikin da ta kusa kashe ni! Wannan ma na yafe. Amma yaron da na riƙa tun yana zubar da majina ya dubi soja ya ce bai san ni ba? Wai rage masa hanya na yi! Mutumin da zai yi musun jininsa don ya ga bindiga, shi zan ba amanar shago a jikin gidana?"

Inna ta juyo ta dube ni, wannan karon ba murmushi. Na sunkuyar da kai na ce na yi kuskure, Baffa ya yafe mini, tsoro ne. Kuma har zuciyata nake faɗa.

"Tsoro!" Baffa ya miƙe tsaye, ya samu fili. "Ni ban kwanta a kwaltar ba? Ni ba a nuna mini bindiga ba? Namiji ko wuƙa aka sa masa a wuya ba ya canza magana. Ku tambaye shi, ya ji na canza magana?"

To ni fa an ce a tambaye ni. Na ɗago kai, ban dubi Baffa ba, na juya wajen mai tankaɗe.

"Goggo, albishirinki. Yau a gaban Sajan da sojoji shida Baffa ya ce motar taki ce, shi tuƙawa kawai yake yi. In kina son shaida, ina da lambar Sajan."

Goggo ta ajiye rariya a hankali, ta kaɗe hannu, ta miƙa wa Baffa tafinta.

Makulli biyu suka fito daga aljihun Baffa a yammacin nan. Ƙaramin ne nawa.